Orest Pawluk da Hoton da Gari Biyu Suka Jira

Orest Pawluk direban motar 'yan makaranta ne a garinmu Sandvik, kuma har ya kai shekara hamsin ban taɓa jin an ambaci sunansa a wata magana da ta wuce ta taya ko batirin mota ba. Dogo ne, mai sanyin murya. In ya shigo shagona shan kofi, sai ya gama ya fita kafin in tuna ban gaishe shi ba. Matarsa Verna ce mai bakin gidan. In ta haɗu da ƙaninta Gus a ɗaki ɗaya, to Orest ya samu hutu, don babu mai jiran ya ce komai.

Kyamarar ma ba shi ya nema ba. 'Yarsu Carol ce ta aiko masa da ita daga Winnipeg a wata Kirsimeti, farkon shekarun tamanin, wai ya riƙa ɗaukar mata hoton mahaifiyarta da karen gidan. Ya ɗauki Verna a bakin murhu, ya ɗauki kare yana barci. Daga nan ya leƙa taga, ya ga yadda dusar ƙanƙara ta kwanta a kan shingen bayan gida, ya sa takalmi ya fita. Verna takan ce tun ranar bai gama dawowa ba.

Mu dai ƙanƙara abar shebur ce a wurinmu. Mu kwashe ta da safe, ta dawo da yamma, mu zage ta, mu sake kwashewa. Shi kuwa Orest sai ya sauke yara a makaranta, ya ajiye mota, ya bi gefen tafki yana durƙusawa gaban tudun da iska ta tara, kamar mai neman gafara. Sanyi yakan kashe masa batiri, saboda haka a hammata yake ajiye shi. Fim yakan bushe ya tsinke a cikin kyamara. Sau ɗaya ƙarfen bayan kyamarar ya manne masa a hanci, ya yi mako yana yawo da jan tabo, yaran motarsa suna kiransa Baba Tumatir.

Abin takaicin shi ne, in hotunan suka dawo daga wanki, ba fari a cikinsu. Duk toka-toka suke fitowa, kamar ruwan wanke-wanke. Yakan kawo su shago ya baza a kan teburin ƙurya, Gus ya zo ya tsaya a kansa da kofi a hannu.

"Mijin Yaya, wannan kuma fa? Bangon banɗaki ne?"

"Gonar Halvorsen ce da sassafe."

"Wannan fa?"

"Ita ce dai, da yamma."

"Kai, ta canza ƙwarai! Ai gara ka ɗauki zanen gadon Yaya ka huta da sanyi."

Orest ba ya fushi. Sai ya tattara hotunansa a hankali, ya ce kyamara ce take tsorata da haske, in ta ga fari da yawa sai ta runtse ido. Ya sayi mujallar masu ɗaukar hoto, ya koyi yadda ake buɗe mata ido da hannu. Ƙanƙarar ta fara yin fari. Da ya tsaya nan da an zauna lafiya, sai kuma ya ɗaga kai sama ya ga farin wata.

Watan ya fi ƙanƙara wahalar da shi. A ido ga shi nan ƙato, kamar ka miƙa hannu ka taɓa. A takarda kuwa sai ya fito kamar ƙwayar maganin ciwon kai da ta faɗi a kan baƙin bargo. Ya sayi dogon gilashi mai jawo nesa, ya sayi ƙafa uku da ake ɗora kyamara a kai. Fim ya cika firiji har Verna ta rasa inda za ta sa man shanu. A ƙarshe ya gano cewa ɗan lokaci ne kaɗai ake samun abin da yake so: ranar da wata ya cika, daidai faɗuwar rana, lokacin da yake leƙowa daga bayan itatuwa kuma ƙasa ba ta gama yin duhu ba. Hunturu uku yana farautar wannan lokaci. In ba a yi hadari ba, mota ta lalace. In mota lafiya, Verna ta ce ranar ce za su gidan ƙawarta.

To, akwai wasan hoki da muke yi duk shekara da mutanen Saint Odile, garin da ke tsallaken tafki. Da takalman zamiya ake yinsa a kan ƙanƙara, ana buga ɗan baƙin faifai da sanduna zuwa raga. Ba na samari ba ne, na dattawa ne, masu tumbi da ciwon gwiwa. A tsakiyar tafki, in ya daskare, ake share fili, a kafa raga biyu da suka girmi yawancin 'yan kallo. Kyautar da ake ci kuwa tsohuwar garwar madara ce da aka yi wa fenti. Garin da ya sha kashi shi ke dafa wa ɗayan abinci. Shekara da shekaru garwar tana Saint Odile, mu kuma matan Sandvik hannunmu ya gaji da naɗe perogi, ƙullin fulawa mai dankali a ciki, muna ciyar da mutanen da suka zo yi mana dariya. Duk laifin mai tsaron ragarsu ne, Fernand Lavallée, wani masunci mai faɗin ƙirji wanda in ya tsuguna a bakin raga ba ka ganin komai a bayansa.

A wata shekara Gus ya rantse sai ya ci Fernand. Ya ce wa Orest, "Tunda dai kana da abar nan, yi mata amfani ko sau ɗaya. Ka zo ka ɗauki maza suna aiki." Orest ya amsa da saurin da ya ba kowa mamaki. Ba mu lura cewa ranar wasan ta dace da cikar wata ba.

Ina wurin, ina sayar da kofi a bayan motata. An yi sanyin da gashin hanci ke daskarewa. Wasa ya yi ta ja, kowane gari ya ci biyu, dattawa suna haki, tururi yana tashi daga kansu kamar tukunya. Rana ta yi ƙasa. Alƙalin wasa, Dakta Friesen likitan dabbobi, wanda aka zaɓa don shanun garuruwan biyu duk shi ke duba su, ya ce duk wanda ya ƙara ci shi ya yi nasara, a tashi kafin wani ya mutu.

Orest yana can gefe, ya kafa ƙafa ukunsa yana fuskantar ragar Fernand, wato gabas.

Sai ga Gus ya ƙwace faifai, ya taho da gudun da ban san yana da shi ba. Ya ɗaga sanda ya maka. Shi ya faɗi, Fernand ya faɗi, wani ma da ba ruwansa ya faɗi a kansu. Da aka tashi, faifan yana cikin tudun ƙanƙara a bayan raga. Mutanenmu suka ɓarke da ihu. Mutanen Saint Odile ma suka ɓarke da nasu.

"Ya shiga!" in ji Gus. "Ta ramin nan ya fita, ga shi kowa yana gani!"

Gaskiya ne, akwai rami a ragar, wanda kare ma zai bi ya wuce.

"Ramin nan tun zamanin kakanka yake," in ji Fernand. "Ta waje ya bi. Na ji iskarsa a kunnena na hagu."

"Kunnen da ba ya ji? Matarka ta shekara goma tana kiranka ta nan ba ka amsa ba!"

Aka juya wajen Dakta Friesen. Shi kuwa tabaraunsa ya daskare da numfashinsa, ya cire yana gogewa a lokacin da abin ya faru. Ya ce shi tsakaninsa da Allah bai ga komai ba. An kusa ɗaga sanduna, sai wata mata ta nuna gefe ta ce, "Ai ga mai hoto can!"

Duka garuruwan biyu suka zame suka nufi Orest. Yana tsaye bai ko motsa ba, hawaye ya daskare masa a kumatu. Gus ya kama shi ta kafaɗa.

"Mijin Yaya, ka ɗauka?"

"Na ɗauka," in ji Orest. "Wallahi na ɗauka. Ban taɓa ganin irinsa ba."

Gus ya rungume shi. Fernand ya ce to madalla, hoto zai fitar da mai gaskiya. Aka yarda garwa ta zauna a gidan Dakta har hoto ya dawo, abincin ranar kuma kowa ya ci nasa. A bayansu wata ya riga ya hau sama, ja-ja, ƙato, amma ban ga wanda ya waiga ba.

Ba a wanke irin wannan fim a garinmu, sai an aika Winnipeg ta gidan waya. Kuma Orest ya ce ba zai cire shi ba sai ya ƙare, don saura da yawa a ciki, shi kuma ba ya ɓarna. Nan fa ya zama mutum. Washegari da ya tashi ya tarar an kwashe masa ƙanƙarar ƙofar gida tas. Gus, wanda bai taɓa ɗaga masa ko cokali ba, ya kawo masa itacen wuta mota guda, ya jera da kansa. Daga tsallake Fernand ya turo matarsa da kifin da aka fasa ƙanƙara aka kamo, wai gaisuwa ce kawai. A shagona kuwa, da ya shigo sai a matsa masa kujera kusa da murhu, a tambaye shi ra'ayinsa a kan farashin alkama da gwamnati. Ya rasa inda zai sa kansa.

Verna ce ta fara shan jinin jikinta. Daga baya ta ba ni labari da bakinta. Suna cin abincin rana ta ajiye cokali ta ce, "Baban Carol, dube ni nan. Me ka ɗauka a tafki?"

"Farin wata."

"Faifan fa?"

"Wane faifai? Ni sai da na ji ihu na san an yi wani abu."

Sai ta ɗauki cokalinta ta ce, "To ka rufe bakinka. Ranar Juma'a matar Fernand za ta sake kawo kifi, kuma Gus ya ce zai gyara mana rufin gareji."

Amma Orest ba ya iya riƙe irin wannan. Ya tare Gus a bakin shago ya ce, "Gus, maganar hoton nan, wata ne fa."

"Wata guda? Ko biyu ne za mu jira. Kada ka damu, Mijin Yaya, kada ka bari su gaggauta ka."

"A'a, nufina..."

"Na gane, na gane. Shiga ciki ka sha kofi, ni zan biya."

Ya sake gwadawa da Fernand, shi ma ya ɗauka wayo ne irin na mutanen Sandvik, ya ƙara yawan kifi.

Ranar da hotuna suka iso, mai gidan waya da kansa ya riƙo su ya kawo shagona, mutane na biye da shi. Kafin azahar motocin Saint Odile sun tsallako ta kan tafki. Shagon ya cika har tagogi suna zufa. Orest ya buɗe, ya wuce hoton shinge, ya wuce na kare, ya zaro ɗaya ya ajiye a tebur.

Ni dai ban san hoto ba, amma na san abin da na gani. Wata ne cikakke, launin zuma, har tabon fuskarsa ana gani ɗaya bayan ɗaya, yana zaune a kan baƙaƙen itatuwan bakin tafki. Ƙanƙarar da ke ƙasa ta yi shuɗi-shuɗi, ga ɗan ja a gefe inda hasken rana na ƙarshe ya taɓa ta. Irin yammacin da duk muka girma a cikinsa ne, ba mu taɓa tsayawa mun duba ba. Can ƙasa a kusurwar dama kuma akwai wani baƙin dabbare kamar an goga gawayi da yatsa. Wannan su ne Gus da Fernand da raga da komai.

Orest ya ɗaga kai yana jiran abin da za a ce.

Gus ya sa babban yatsa ya rufe watan don ya riƙe hoton da kyau. "A ba ni gilashin ƙara girma," in ji shi.

Aka kawo na mai gidan waya. Ya duƙa, ya daɗe, sai ya buga tebur. "Ga shi nan! Ga faifai a cikin raga! Ku zo ku gani!"

Fernand ya karɓa ya duƙa. "Wannan ɗigon? Safar hannuna ce. Faifan ga shi can waje, bayan ƙarfe."

"Wannan ai ƙura ce a kan takarda!"

"Ƙurar ce ta san ta tsaya daidai inda na ce?"

Dakta Friesen ya goge tabarau da kyau a wannan karon, ya duba, ya juya hoton, ya ce shi abin ya fi masa kama da saniya a kwance. Orest ya ce a hankali, "Amma kun ga watan kuwa?" Wata tsohuwa daga Saint Odile ta dafa hannunsa ta ce, "Ba komai, ɗana, kowa yana kuskure. Gaba ka riƙa sauke kyamarar ƙasa kaɗan."

Kowane gari ya sa aka faɗaɗa masa kusurwar nan ita kaɗai, aka yanke sauran. Tamu aka rataye a zauren taro, an zana jan da'ira a kan ɗigo ɗaya. Tasu tana ɗakin taron cocinsu, da'irar tana kan ɗaya ɗigon. Garwa kuwa ta zauna a gidan Dakta, tunda ba wanda ya yarda a sake wasa a kanta kafin a warware na baya. Da bazara matarsa ta zuba ƙasa a ciki ta shuka furanni.

Orest ya aika cikakken hoton zuwa gasar da wata jarida ta birni take yi ta masu ɗaukar hoto don sha'awa. Bai ci ba. Alƙalan gasar sun ce watan ya yi kyau ƙwarai, amma wannan dattin da ke kusurwar ƙasa ya ɓata shi, da ya yanke shi da ya fi. Ya karanta mana a shago, ya naɗe takardar, ya ce, "To." Iyakar abin da ya ce ke nan.

Daga shekarar bai ƙara samun hunturun kansa ba. Gari ya yanke cewa ba za a sake wasa ba sai da mai hoto, kuma dole ya tsaya a bayan raga, kyamara tana kallon ƙasa. Da aka gina rufaffen filin wasa, can aka kai shi, ƙarƙashin fitilu, inda ba sama ba iska. Wasan yara, wasan 'yan mata, wasan dattawa, duk yana nan a tsaye da hularsa mai kunnuwa. Kuma ya iya. Ya koyi kama yaro a sama ƙafa ba ta taɓa ƙasa ba, ya koyi kama fuskar uwa lokacin da ɗanta ya ci. Da wuya ka shiga gida a Sandvik ba ka ga aikinsa a jikin firiji ko a kan talabijin ba. In an yaba masa sai ya ce, "Ai wannan ba wuya, su ne suke zuwa gabanka da kansu." Wani lokaci ana tsakar wasa sai a neme shi a rasa. In an leƙa waje, ga shi a wurin ajiye motoci, ba riga mai kauri, kai a sama. Sai Verna ta fita ta jawo shi.

Da ya haura saba'in ƙirji ya fara ba shi wahala. Likita ya ce huhunsa ba zai ƙara ɗaukar sanyinmu ba. Carol ta riga ta koma Victoria a bakin teku, ta zo ta kwashe su. Kowa ya ce sun yi sa'a, can ba shebur, ciyawa kore ce shekara duka. Verna ta so wurin, ta samu ƙawaye, ta shiga ƙungiyar masu lambu. Shi kuwa yakan bugo mini waya in Nuwamba ta kama, ya tambayi labarin ƙanƙara.

"Ta sauka?"

"Ta sauka, Orest, har gwiwa. Bayana kamar zai karye."

"Busasshiya ko mai laima?"

"Oho! Mai nauyi dai."

"Nan ruwa ake yi," sai ya ce. "Jiya ma ruwa. Sama a rufe take kamar murfin tukunya."

A watan Janairu ya rasu, a can. Ya bar wasiyya a kawo shi gida, amma ƙasar maƙabartarmu ta daskare kamar dutse, ga hanya ba kyau, sai Carol ta ce a jira. Sai ƙarshen Mayu aka binne shi, ana zafi, ciyawa ta fito, sauro yana cin mutane ta cikin riga. Mutanen Saint Odile sun zo da yawa, ta hanyar mota wannan karon, sun zagayo tafki. Gus yana dogara sanda, yana kuka kamar yaro, yana kashe sauro a wuyansa.

Muna fitowa na ce wa Verna abin tausayi ne, mutumin da ya so hunturu haka a binne shi a irin wannan rana. Ta gyara jakarta a kafaɗa, ta share ido.

"Ke dai bari," in ji ta. "Gara haka. Da ƙanƙara na ƙasa, da wuya ya kwanta. Tashi zai yi ya fita, kuma ba zai sa hula ba."